Jawabin maraba ga Mai Girma Kwamishinan Matasa da Wasanni, daga kwamitin kwallon kwando na matasan unguwarmu, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Ranka ya dade, barka da zuwa, sannu da hanya. Kowa a nan ya san irin rikon da kake wa matasa, shi ya sa tun da aka ce kana tafe yaran nan suka kwana shara da wankin riguna. Allah ya kara girma.

Yallabai bari mu fara da abin da ke ci mana tuwo a kwarya, shinge muke roko, shingen waya da zai raba 'yan kallo da cikin fili.

Mu Kabawa ba baki ba ne wajen bin doka a fagen gasa. Kasar Sarkin Kabi Kanta ce wannan, mai birnin Surame. Tun 1934 ake bikin kamun kifi na Argungu, dubban masunta a bakin kogin Matan Fada kowa da homa da gora a hannu suna jiran a ba da alama kafin su fada ruwa. Amma in ana zancen kwallon kwando sai ka ji Kano, Kaduna, Legas, kamar mu ba mu da dogayen yara, alhali lokacin da D'Tigress, 'yan wasan kwando mata na Najeriya, suka kai kwata fainal a Olamfik na Faris a 2024 'yan matanmu a waya daya suka taru suna kallo suna ihu. Da karo-karo muka zuba simintin filin nan, kwandunan ma wani mai walda ne ya hada mana.

Toh ga inda matsalar take. Alkalan wasanmu yawanci malaman makaranta ne, kudin mashin kawai muke iya ba su wani lokacin ma babu. A wasan 'yan kasa da shekara 15 da muka yi kwanan baya, saura kasa da minti daya alkali ya busa keta, sai wani uba ya tsallako ya shake masa wuyan riga ya fizge usur har igiyar ta karce shi a wuya, ledojin fiya wata suna ta sauka, yaron da ake fadan dominsa yana tsaye rike da kwallo yana kuka. Malamin nan ya dauki takalminsa ya tafi, har yau bai dawo ba, kuma wallahi ba mu ga laifinsa ba.

Dan wasa ko koci in ya zagi alkali doka ta san yadda za ta yi da shi, a ba shi tekinikal, wato hukuncin rashin da'a, abokan hamayya su yi jifa daya kyauta, dan wasa in ya sake ya bar fili. Amma dan kallo da ke tsaye kafarsa a kan layi fa? Usur ba ya korar shi.

Mu namu mun yi, yanzu kyaftin kadai ke da izinin yi wa alkali tambaya, iyaye kuma sai sun sa hannu a takarda kafin a rubuta sunan yaro. Muna rokon ofishinka ya buga hatimi a kan dokar dakatar da duk wanda ya taba alkali, a turo mana jami'an tsaro ko biyu ne ranar wasa, in da hali a kai alkalanmu kwas.

Amma ranka ya dade in daya kawai za a yi, a yi mana shingen nan kafin gasar hutun makaranta. Mun auna filin, takardar kiyasin na hannun sakatare, yanzu zai mika maka.