Amsoshin Tambayoyinku: Awon Tsayi da Faɗin Kogo

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani ɗalibin safiyo a Gusau. Ya ce shi da abokansa sun auna wani ɗan kogo a cikin duwatsun Kwatarkwashi, suka zuba alƙaluman a Survex, manhajar kwamfuta ta zana taswirar kogo, amma taswirar ta fito siririya kamar zare, ba faɗi ba tsayi. Yana tambaya ina aka yi kuskure.

To ɗan'uwa, manhajar ba ta yi laifi ba, abin da kuka ba ta shi ta zana. Tsawon tef, kusurwar kamfas da ma'aunin gangara, waɗannan ukun suna nuna hanyar da kuka bi ne daga tasha zuwa tasha, wato wuraren da kuka sa wa alama kuna awo daga ɗaya zuwa na gaba. Jikin kogon kuwa sai da wasu awo huɗu a kowace tasha: zuwa bangon hagu, zuwa na dama, zuwa rufi, zuwa ƙasa. A Survex wuri daban ake rubuta su, ƙarƙashin umarnin *data passage.

Nan ne mutane ke tuntuɓe. Daga alamar tasha ake aunawa, ba daga ƙasa ba. In ka sa alamarka a jikin dutse daidai ƙirjinka, ƙasa mita 1.2, sama mita 2, tsayin wurin mita 3.2 ke nan. Wanda ya rubuta 3.2 a gurbin sama ya ɗaga rufin kogon da hannunsa. Hagu da dama ma ku yi shawara tun a bakin kogo: ana kallon inda aka dosa ne. Mai riƙe da tef in ya juyo yana fuskantar abokinsa, hagunsa ta zama dama, sai lungun da ke gabas ya koma yamma a takarda.

Kada kuma ka sa sifili don ba ka auna ba. Sifili yana nufin alamar a manne take da bango. In tocila ba ta kai rufi ba, ka ƙiyasta, ka rubuta a gefe cewa ƙiyasi ne. Ni dai na fi yarda da littafin da ke ɗauke da irin wannan bayani da zanen hannu, ko da ya sha laka.

Wata baiwar Allah daga Talata Mafara ta ce, ko waya za ta iya aikin? Akwai manhajar TopoDroid a wayoyin Android, ana haɗa ta da na'urar leza mai suna DistoX, awon na shiga kai tsaye. Sai dai Hajiya, ƙarfe da maganaɗisu suna rikita kamfas, don haka a nisanta wayar da tocila daga na'urar lokacin ɗaukar awo.

Mai tambaya daga Anka kan yadda ake auna ramukan haƙar zinariya, awon iri ɗaya ne da na kogo, amma ramin da ba a tokare shi da katako ba, ba mu ba ka shawarar shigarsa da tef ba.