Daga Obalende zuwa Bama: me ke kai ƙasa yaƙin da ba a ƙofarta ake yi ba?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Duk wanda ya taɓa sauka daga motar danfo a Obalende da ke Legas ya san Barikin Dodan. Sunan nan daga Bama ta Asiya ya zo, wadda yau ake kira Myanmar, inda runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma ta gwabza da Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. Kakanninmu ne aka loda a jirgin ruwa zuwa dajin da ba su taɓa jin sunansa ba. Ingila ce ta shelanta yaƙi da Jamus ranar 3 ga Satumba 1939, don cika alkawarin kare Poland, mu kuwa a lokacin raƙumi da akala ne.

To mai cin gashin kansa fa, me ke ingiza shi? Mu duba Amurka. A 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Jamus ta nutsar da jirgin ruwan fasinja na Lusitania, Amurkawa 128 suka mutu, amma Amurka ta danne zuciya. Sai a 1917, da Jamus ta koma nutsar da jiragen fatauci ba sani ba sabo, aka kuma kama saƙonta na zuga Meziko ta ƙwato Texas, sannan Amurka ta ɗaura ɗamara. Abin da ke ci mini rai ke nan: gawarwaki ba su isa ba, sai da aka taɓa kasuwa da iyaka. Ko harin da Japan ta kai wa sansanin Amurka na Pearl Harbor a 1941, takunkumin man fetur da aka ƙaƙaba wa Japan na cikin tushensa.

Mu ma mun taɓa zaɓa da kanmu. A 1990, Janar Babangida yana zaune a Barikin Dodan ɗin nan aka tura sojojinmu Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOWAS, da hujjar cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Da yawa ba su dawo ba.

Shi ya sa a 2023, da ECOWAS ta yi barazanar afka wa Nijar bayan juyin mulki, hankalina ya tashi. Na shiga kasuwar Alaba Rago ta Legas a makon, na tarar da dillalan raguna sun yi cirko-cirko a kan rediyo ɗaya, wani dattijo yana ta kiran Maraɗi don ya ji muryar 'yarsa da ke aure can. Majalisar Dattawa dai ta ƙi goyon bayan amfani da soja, ta ce a bi hanyar sulhu.