Darasin gareji daga Damagaram: saita wutar injin tsohuwar MGB

Assalamu alaikum 'yan uwa makanikai da masu koyo, barkanmu da warhaka. Motar da ke gabanmu yau MGB ce, 'yar Ingila mai kujera biyu, wadda aka ƙera a garin Abingdon daga 1962 zuwa 1980. Injinta silinda huɗu ne, cc 1798, da karbireta biyu ƙirar SU, delkonta, wato na'urar da ke raba wa buji wuta, kuma Lucas ne. Ba kasafai ake ganin irinta a titunan Zinder ba, amma duk wanda ya iya saita wutarta ya iya ta kowane tsohon inji mai platin, wato ɗan makunnin da ke buɗewa da rufewa a cikin delko. Yaro, matso da kyamarar nan gefen dama na injin.

Mai da iska ba sa ƙonewa nan take. Sai an ba su ɗan lokaci, shi ya sa ake son buji ya ba da wuta tun fistan bai kai ƙololuwa ba, domin ƙarfin ƙunar ya same shi daidai sa'ad da ya fara gangarowa. In wutar ta yi gaggawa, ƙunar tana dukan fistan yana kan hawa, ka ji inji na ƙas-ƙas, wani lokaci ma ya ture sitata baya in za a tayar. In ta makara, mota ta yi nauyi, ta sha mai, lagireto ya tafasa, kuma da zafinmu na watan Afrilu da Mayu wannan ba abin wasa ba ne.

Kada kowa ya taɓa delko kafin ya duba platin. Na ga masu murɗa delko da kunne har sai inji ya yi sauti mai daɗi, kuma ni ban yarda da wannan aiki ba, domin inda inji ya fi daɗin sauti yana tsaye, galibi wutar ta riga ta wuce gona da iri. Buji na ba da wuta ne a daidai lokacin da bakin platin ya buɗe. In ka faɗaɗa tazarar, zai buɗe da wuri. In ka matse ta, ya makara. Ke nan wanda ya saita wuta sannan ya koma ya gyara platin ya rushe aikinsa da hannunsa. Cire marfin delko, juya inji har ƙafar platin ta hau kan tudun sandar, ka zura ma'aunin tazara. Muna neman milimita 0.35 zuwa 0.40. Ga ƙurar hunturu nan ta taru ciki, a goge ta da ƙyalle mai tsabta, a ɗan shafa giris kaɗan a kan tudun.

Yanzu neman silinda ta ɗaya. Ku da kuka tashi a kan Peugeot 404 da 504, ku kula: a can ana fara ƙirga daga wajen kuloci, a nan kuwa ta ɗaya ita ce ta gaba, kusa da lagireto. Jerin wutar 1-3-4-2 ne, roto kuma, wato ɗan hannun da ke ƙarƙashin marfin delko, yana juyawa saɓanin hannun agogo. Cire buji na ɗaya, toshe ramin da babban yatsa. Sa giya ta huɗu, a tura motar gaba a hankali. Ka ji iska na tura yatsanka?

«Na ji, maigida, tana turowa.»

Madalla, fistan na hawowa a kan matsi ke nan. Dubi roto, ya doshi wayar buji na ɗaya. Sai mu koma ga alama. A jikin pulin gindin inji akwai 'yar tsaga, a jikin marfin sarƙa kuma akwai haƙora. A irin na farko-farko haƙoran a ƙasa suke, sai ka kwanta ka leƙa. Dogon haƙorin shi ne ƙololuwa, na kusa da shi digiri 5, na gaba digiri 10 kafin ƙololuwa. Shafa alli a tsagar don ka riƙa ganinta. Wannan injin na farko ne, littafinsa ya ce digiri 10, don haka a tura motar har tsagar ta daidaita da haƙorin digiri 10. Na baya-baya lissafinsu ya bambanta, saboda haka a karanta lambar inji a nemi nasa. Abu ɗaya da nake roƙonku: in tsagar ta zarce alama, kada ku dawo da ita baya kaɗan ku ce ta zauna. Sarƙar tana da sako-sako. Ku koma baya sosai, ku sake tahowa gaba har ta tsaya.

Kayan aikin da ya rage ƙwan fitila ne mai bolt 12 da waya biyu, wanda kowane yaro zai iya haɗawa. Waya ɗaya a ƙaramin bakin bobin (na'urar da ke ƙara ƙarfin wutar buji) da ke tafiya delko, ɗayar a jikin inji. Buɗe makulli, amma kada ka tayar. Sassauta ƙusar da ta ɗaure wuyan delko. Ƙusoshin motar nan na inci ne, a nemi sifanar da ta zauna daram. Juya delko saɓanin hannun agogo har fitila ta mutu. To, dawo da shi ta hannun agogo, a hankali, a hankali. Tsaya! Ta kama. Nan ne platin ya buɗe, nan ne wutarka. Ɗaure ƙusar daidai wa daida, domin wuyan delkon nan yana tsagewa in aka matse shi da ƙarfi. Rufe makulli da wuri, bobin na yin zafi in an bar shi a kunne.

«Maigida, wannan ɗan dunƙulen mai zare da ke gefen delko fa?»

Ka yi tambaya mai kyau, ɗana. A delko ƙirar 25D shi ne na ƙaramin gyara: wajen ƙyas 11 ke ba da digiri ɗaya, akwai A wajen gaggauta wuta, R wajen jinkirta ta. Ka bar shi a tsakiya kafin ka fara, don ka samu wurin motsi ta kowane ɓangare.

Mai fitilar walƙiya sai ya tayar da inji, ya cire siririn tiyon da ya taho daga karbireta ya toshe shi, ya haska puli. In an taka totur, dole alamar ta gudu gaba. In ta tsaya cik, ƙarafan da ke ƙarƙashin farantin platin sun cije, ko sifirin ɗinsu ya mutu, kuma babu saitin da zai yi magani sai an kwance delko an wanke.

Sauran aiki na hanya ne. Digiri 10 ɗin nan an rubuta shi ne don sanyin Ingila da fetur mai ƙarfi na wancan zamani. Mu kuwa muna da zafi sama da digiri 40, ga man kwalba na bakin titi da ba ka san abin da aka gauraya ciki ba. Bari inji ya yi zafi, ka hau hanyar Mirya, ka sa giya ta huɗu kana tafiyar kilomita 50 a awa, ka take totur har ƙasa. In ka ji ƙas-ƙas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, tsaya ka mayar da wuta baya digiri 2, ka sake gwadawa har ƙarar ta ɗauke. Ka yi gwajin da rana tsaka, da man da mai motar ya saba sha. Yaro, mayar da buji da marfi, ka ɗauko sifana da ƙwan fitilar mu fita.