Dangin kwaɗo da masu jan ciki na zamanin da: yadda ƙasa ta adana mana su

Hadiza: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ce Hadiza, ga Aminu, ga kuma Malam Garba mai koyar da ilimin duwatsu. Yau hirarmu kan dabbobin da suka riga dinoso zuwa duniya ce, dangin kwaɗo da masu jan ciki, da wuraren da aka tono ƙasusuwansu. Malam, sannu da zuwa.

Malam Garba: Yawwa Hadiza, sannunku da aiki. Tun farko a san cewa yawancin dabbar da ta mutu ba ta barin komai. Masu cin mushe su ci, rana ta busar, ruwa ya tafi da sauran. Sai wadda laka ko yashi ya rufe da wuri ce ƙashinta ke zama dutse. Saboda haka duk wurin da za mu ambata, tambayar farko ita ce, yaya aka yi aka binne su?

Aminu: To Malam, a ina za mu fara?

Malam Garba: Joggins, a gaɓar tekun Nova Scotia ta Kanada. Shekara miliyan 310 da ɗoriya da suka wuce, wurin fadama ce mai dogayen itatuwa, irin dajin da ya zama kwal. Ambaliya ta zo ta binne gindin itace da laka, itacen ya mutu, cikinsa ya ruɓe, ɓawon ya tsaya. Sai ya zama rami mai zurfi a ƙasa. A 1852 masana duwatsu biyu, Charles Lyell da William Dawson, suka fasa irin wannan kututture, suka ga ƙananan ƙasusuwa a ciki.

Hadiza: Na wace dabba?

Malam Garba: Na farkon na dangin kwaɗo ne, ana kiransa Dendrerpeton. Bayan 'yan shekaru Dawson ya samo Hylonomus, wanda bai wuce santimita 20 zuwa 25 ba, siffarsa ta ƙadangare. Shi ake lissafawa cikin mafi tsufan masu jan ciki da aka sani.

Aminu: Ni abin da ke ɗaure mini kai, Malam, in duk ƙafa huɗu ne da wutsiya, me ya raba wannan da wancan?

Malam Garba: Ƙwai ne, Aminu. Yawancin dangin kwaɗo dole su koma ruwa su saka ƙwai, in ba haka ba ya bushe. Masu jan ciki ƙwansu na da rufi da ruwansa a ciki, ana iya ajiye shi a tudu. Wannan ya buɗe musu busasshiyar ƙasa. A dutse kuwa ba a cika samun ƙwan ba, sai a duba ƙoƙon kai da ƙashin baya da na sawu a gane ɓangaren da dabba take.

Hadiza: Faɗawa suka yi cikin kututturen?

Malam Garba: Wasu masana sun ce faɗawa suka yi suka kasa fita. Wasu sun ce ɓuya suke yi a ciki, musamman da aka samu gawayi a wasu kututturan, alamar gobarar daji. Ni na fi karkata ga na biyun, domin ƙaramar dabba mai neman mafaka ba za ta ƙyale irin wannan rami ba. Kuma har yanzu igiyar ruwan wurin, wadda ke cikin mafi tsayi a duniya, tana zaizaye gaɓar tana fito da sababbi. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2008.

Aminu: Ni labarin da ya fi taɓa ni na Karoo ne, a Afirka ta Kudu. Malam, ko in faɗa ka gyara?

Malam Garba: Bismillah.

Aminu: A 1975 aka tono wani dunƙulen dutse da ya kasance ramin dabba ne ya cika da laka. An san akwai Thrinaxodon a ciki, dabba daga zuriyar da masu shayarwa suka fito. Sai da aka kai dutsen Grenoble ta Faransa aka haska shi da na'ura mai ƙarfi ba tare da an fasa ba, sannan aka ga ashe su biyu ne. Kwance a jikinsa akwai ɗan Broomistega, dangin kwaɗo. A 2013 aka wallafa binciken.

Hadiza: Ikon Allah. Ba kamo shi ya yi zai ci ba?

Aminu: An yi wannan zaton. Amma ƙasusuwan Broomistega a haɗe suke. Haƙarƙarinsa da dama sun karye, sun ma fara warkewa. Ke nan da rauninsa ya ja jiki ya shiga ramin wani don ya tsira daga zafi.

Malam Garba: Mai ramin kuma ana ganin barcin rani yake, shi ya sa bai kore shi ba. Ruwa ya zo da laka ya rufe su tare. Wannan kuwa jim kaɗan ne bayan babbar halakar da ta auku shekara miliyan 252 da suka wuce, lokacin da aman wuta a Sibiriya ya ɗumama duniya har yawancin halittu suka ƙare. Masu iya shiga rami na cikin waɗanda suka tsallake.

Hadiza: Malam, na lura Kanada da Afirka ta Kudu a lokacin duk nahiya ɗaya ce ko tana shirin zama ɗaya. Tsakiyarta fa?

Malam Garba: Kin zo inda na fi so. Shekaru da yawa abin da aka sani game da ƙarshen zamanin Famiyan, wato zamanin da waccan babbar halaka ta kawo ƙarshensa, daga Afirka ta Kudu da Rasha ya fito, sai aka ɗauka ko'ina dabbobin iri ɗaya ne. Duwatsun Moradi da ke kusa da Arlit a arewacin Nijar suka rushe wannan zato. A lokacin wurin tsakiyar babbar nahiyar Panjiya ne, hamada mai 'yan koguna. A 2005 masani Christian Sidor da abokan aikinsa suka bayyana dangin kwaɗo biyu daga can, Nigerpeton da Saharastega.

Aminu: Dangin kwaɗo a hamada?

Malam Garba: A bakin ruwan da ke cikinta. Kada ka kawo kwaɗon damina a ranka. Nigerpeton dogon baki gare shi irin na kada, kuma haurensa na ƙasa suna da tsawon da in ya rufe baki sai su ratsa wasu ƙofofi su ɓullo ta saman hanci. Abin mamakin, 'yan'uwansa na kusa sun ƙare a Turai da Arewacin Amurka miliyoyin shekaru kafin nan. Hamadar ta kewaye wurin ta raba shi da sauran duniya, tsohuwar zuriya ta ci gaba da rayuwa ita kaɗai.

Hadiza: Masu jan ciki fa?

Malam Garba: Akwai Moradisaurus mai layukan haƙora da yawa na niƙa ganye. Akwai Bunostegos, girman saniya, kansa duk ƙulu-ƙulu na ƙashi. Binciken 2015 kan ƙasusuwan ƙafarsa ta gaba ya nuna a miƙe suke a ƙarƙashin jiki, ba a baje gefe kamar na damo ba. Irin wannan tsayuwa na rage gajiya ga mai doguwar tafiya tsakanin ruwa da ruwa.

Aminu: Mutane in an ce Nijar, Sarcosuchus suke tunawa.

Malam Garba: Haka ne, amma shi na Gadoufaoua ne a hamadar Tenere, kuma ya zo bayan waɗannan da fiye da shekara miliyan 100. Dangin kada ne da ya kai mita 9 ko fiye, yana zaune a manyan koguna tare da dinoso irin su Ouranosaurus da Nigersaurus. A can iska ce ke yi wa masu bincike aikin tono, ta kwashe yashi ta bar ƙashi a fili. In ba a ɗauka da wuri ba, ita ce kuma za ta goge shi.

Hadiza: Gadoufaoua na buƙatar shiri na kansa, kuma da shi za mu dawo mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Malam Garba, Aminu, mun gode. Masu saurare, a huta lafiya.