Mariam Kamara da ginin ƙasar da aka raina

Jama'a masu sauraro barkanmu da warhaka. Yau sharhin namu kan Mariam Issoufou Kamara ne, 'yar Nijar ɗin nan mai zanen gine-gine. A Faransa aka haife ta a 1979 amma a Nijar ta tashi, kuma ba ma da gini ta fara ba, kwamfuta ta karanta a Amurka, ta yi shekaru tana aikin manhaja albashi na shigowa, sai kawai ta ajiye ta koma aji, ta gama digiri na biyu kan zanen gini a Jami'ar Washington a 2013. Shekara na zagayowa ta buɗe ofishinta Atelier Masomi a Yamai.

Aikin da ya fara fito da ita shi ne Niamey 2000, gidaje shida da ta yi da abokan aikinta aka gama a 2016, da bulon ƙasa wanda ake matsewa da inji. To ai kun san halinmu, mutum na samun kuɗi sai ya rushe ginin ƙasa ya kafa siminti da kwano, rana ta take ɗaki ya zama tanda, a koma neman fanka ga wuta babu. Ita ƙasa da kaurinta take tare zafin.

Amma ni inda ta burge ni Dandaji ne, can jihar Tawa. Tsohon masallacin garin ya tsufa, jama'a na son sabo, kuma ba ƙaramin gini ba ne, aikin Alhaji Falke Barmou ne, maginin da masallacinsa na garin Yama ya ci kyautar zanen gine-gine ta Aga Khan a 1986. Mariam da abokiyar aikinta mai zanen gini Yasaman Esmaili suka ce a'a kar a rushe, aka kira magina na gargajiya suka gyara shi ya koma laburare, aka gina sabon masallaci a gefe da ƙasar da aka haƙo nan kusa, aka gama a 2018. Yanzu yaro ya fito daga sallah ya shiga karatu, mata ma suna da wurin zuwa, wanda da ba haka ba.

Kasuwar garin ma ita ta zana, rumfunan ƙarfe masu launi-launi kamar lema, wasu sama wasu ƙasa don inuwa da iska. Turawa dai sun gani, tun 2022 farfesa ce a jami'ar ETH da ke birnin Zurich a ƙasar Switzerland. Sai mu tambayi masu ba da kwangila a Yamai da Kano da Sakkwato, azuzuwan da suke ginawa da siminti yara na zufa a ciki, wa ya hana su gwada bulon ƙasa?