Darasi: Wane kaset mai memori ya dace da Game Boy, GBA ko DS ɗinka?

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu kallo, daga Jidda muke zuwa muku. A kan teburin nan akwai na'urorin wasan hannu na kamfanin Nintendo: Game Boy Color, Game Boy Advance (GBA) SP, DS Lite da 3DS, ga kuma kaset-kaset a jere. Tambayar da ta fi yawa a saƙonninku ita ce: mutum ya tsinci tsohuwar na'ura a kasuwar gwanjo ta Haraj Sawarikh ko a manhajar saye da sayarwa ta Haraj, kaset na asali ya yi wuya kuma ya yi tsada, to wane kaset mai cin memori zai saya? Yaya, bismillah.

Injiniya: Wa alaikumus salam. To ƙanena, shi wannan kaset siffarsa ɗaya da na asali, sai dai yana da ramin katin microSD. Kana kunna na'ura sai ya nuna maka jerin gem ɗin da ke cikin memori, ka zaɓi ɗaya, ya kwashe shi zuwa cikin aisin da ke jikinsa, wato ɗan guntun lantarki mai riƙe bayanai, ita kuma na'ura ta ɗauka kaset na gaske aka saka mata. Duk haka suke aiki. Inda suka rabu shi ne wajen ajiya, wato idan ka yi sebin a cikin gem, ina abin yake zuwa, kuma yaushe yake isa cikin memori. Wanda ya gane wannan ba za a sayar masa da abin da zai sa shi kuka ba.

Mai gabatarwa: Kafin nan, kowace na'ura da nata kaset ko?

Injiniya: Ƙwarai. Game Boy na 1989 da Color na 1998 kasetinsu ɗaya a wannan harka. Advance na 2001 da SP na 2003 suna da nasu gajere, amma suna karɓar dogon na Game Boy ma. Game Boy Micro ba ya karɓa. DS Lite rami biyu gare shi, na sama na DS, na ƙasa na Advance, kuma na ƙasan ba ya cin kaset ɗin tsohon Game Boy. DSi da 3DS ba su da ramin ƙasa gaba ɗaya. Duba ramin na'urarka kafin ka fitar da riyal ɗaya.

Mai gabatarwa: Mu fara da na Game Boy. Ga EverDrive, ga EZ-Flash Junior.

Injiniya: EverDrive na kamfanin Krikzz ne, daga Yukiren, kuma kala uku yake zuwa: X3, X5, X7. Matso da kyamara nan. Ka ga idan na danna saman kaset ɗin da babban yatsa yana yin ƙas? Akwai maɓalli a ciki, shi ke mayar da kai jerin gem. A X3 wannan maɓallin shi ne ranka. Ka yi sebin a cikin gem, dole ka danna shi ka koma jeri, a nan ne ajiyar take shiga memori. Ka kashe na'ura ba ka danna ba, wasan ranar ya tafi. X5 yana da batir ɗan ƙarami da ke riƙe ajiyar, ka kashe yadda kake so, ba abin da zai same ta. X7 ya ƙara da agogo, da damar daskarar da wasa a duk inda kake ka dawo daga baya.

Mai gabatarwa: Agogon nan mutane suna raina shi.

Injiniya: Sai sun saka Pokémon Gold, Silver ko Crystal sannan su gane. Waɗannan gem suna bin lokaci na gaske, akwai abin da sai dare yake fitowa, akwai na ranar mako takamaimai. A kaset marar agogo gem zai tashi, amma lokaci ba zai tafi daidai ba. Shi Junior yana da agogo, kuma ya fi X7 araha nesa ba kusa ba. Matsalarsa ita ce batir ɗin nan guda, CR1220, shi ke riƙe agogo, shi ke riƙe ajiya har sai ka sake kunnawa ya kwafa ta cikin memori. Ranar da ya mutu, za ka yi sebin lafiya lau, ka kashe, ka kunna ka tarar babu. Alamar farko ita ce agogo ya riƙa komawa baya. Kana ganin haka ka canja batir, kar ka jira. Kuma ga dabara: bayan ka gama wasa ka kashe, ka sake kunnawa nan take, ka bar shi ya kwafi ajiyar, sannan ka kashe ka ajiye a aljihun tebur.

Mai gabatarwa: Kuma Junior ya fi shan batir ɗin na'ura.

Injiniya: Ya fi. A Color mai batir AA guda 2 za ka jure. A Game Boy Pocket mai AAA guda 2, musamman wanda aka canja wa sikirin zuwa mai haske irin na zamani, sai ka ga ya mutu ya sake tashi daidai lokacin da yake loda gem, saboda a nan ya fi jan wuta. Mutum ya ce kaset ya lalace, alhali batir ne ya kasa. Gwada da sabo, ko mai caji irin NiMH, kafin ka yanke hukunci.

Mai gabatarwa: To Advance, inda gardama ta fi zafi.

Injiniya: A nan mu zauna sosai. Gem ɗin Advance mafi girma megabayit 32 ne, kuma hanyar ajiyarsu ta asali kala-kala ce: SRAM, EEPROM, da Flash na kilobayit 64 ko 128. Kaset mai kyau shi ke gano wacce gem yake so. Idan ya yi kuskure, gem zai ce maka ajiya ta lalace, ko ya tsaya da farin sikirin, sai ka shiga saitin ka zaɓa da hannu. Pokémon na Advance Flash 128 suke so, ka riƙe wannan.

Ga EZ-Flash Omega. Shi kai tsaye yake rubuta ajiya cikin memori. Daɗin haka, ko batir ɗin agogonsa ya mutu ajiyarka na nan. Haɗarin kuma, idan gem ya ce ya gama sebin, shi kaset bai gama rubutu ba tukuna. Ka kashe a wannan daƙiƙar, ba ajiyar kaɗai ba, tsarin fayilolin memorin duka yana iya rikicewa, ka ga folda da sunaye kamar rubutun aljanu. Maganin ba kuɗi: bayan sebin ka ƙirga 10 a hankali sannan ka kashe. Amma idan yaro za ka ba, ka san ba zai ƙirga ba.

Mai gabatarwa: Shi ya sa suka fito da sabon Omega, Definitive Edition.

Injiniya: Shi ya sa. Wannan yana ajiya a cikin wani aisi da ake kira FRAM, wanda ba ya buƙatar batir kafin ya riƙe abu. Ka kashe a duk lokacin da ka ga dama, in ka kunna sai ya kwafa zuwa memori. Ya rage shan wuta, yana da jijjiga, kuma ga wani ɗan makunni a gefe, A da B. Idan ka mayar da shi B, sai ya zama tamkar kaset na asali mai gem ɗaya, har DS Lite ya gan shi a ramin ƙasa, ka kwashe Pokémon ɗinka daga Emerald zuwa Diamond ko Pearl. Abin da ya rasa shi ne ƙanƙanta. Tsohon Omega yana zuwa da gajeren kwanso da ke shigewa DS Lite daidai da baki, wannan kuwa sai ya leƙo.

EverDrive GBA Mini kuma batir ne ke riƙe masa ajiya. Ba shi da kwalliya da yawa, babu daskarar da wasa, amma shi ne mai ƙarancin shan wuta, kuma da wuya ya ba ka ciwon kai. Ya fi tsada, ga kuɗin aike, ga harajin kashi 15 cikin 100 da ake ɗorawa a nan Saudiyya. Ni a ganina, mai son ya kunna ya yi wasa kawai ya ɗauki Mini, mai son daskarar da wasa da jijjiga ya ɗauki Definitive. Tsohon Omega sai babba mai haƙuri.

Mai gabatarwa: SuperCard fa? Shi ne mafi araha a intanet.

Injiniya: Arahar tana da dalili. Aisin da yake loda gem a ciki ba ya da sauri, don haka gem masu nauyi suna jan ƙafa, sauti ya riƙa kakkatsewa. Ba shi da agogo na gaske. Akwai manhajar SuperFW da masu sha'awa suka rubuta, tana gyara abubuwa da dama, amma ba za ta canja aisin ba. Su kuwa masu rubutun gem 369 a kaset ɗaya, waɗanda ake zubawa a tire a haraj, ba sa cin memori ma, sunaye ne ake maimaitawa, kuma sau da yawa wurin ajiya ɗaya duk gem ɗin suke rabawa, sabo ya goge tsoho.

Mai gabatarwa: Akwai gem ɗin da duk waɗannan ba za su yi daidai ba?

Injiniya: Masu na'urar ji a cikin kaset. Boktai yana auna hasken rana, WarioWare Twisted yana jin juyawar hannu, Kirby Tilt 'n' Tumble yana jin karkata. Waɗannan da muka jera ba su da wannan kayan, sai dai a yi wa fayil ɗin gem ɗin gyara ya koma bin maɓalli.

Mai gabatarwa: Mu hau DS. Kowa R4 yake cewa.

Injiniya: Sunan ya zama na kowa. R4 na asali ya fito wajen 2007, kuma memori sama da gigabayit 2 ba ya karantawa. Nintendo ta kai ƙara, kotu a Tokyo ta hana sayar da shi a 2009, ta Landan ma ta haramta a 2010. Abin da ke kasuwa yau kwaikwayo ne daga masana'antu daban-daban, kowa da manhajarsa da ake kira kanel. Kanel ɗin wani ba ya tashi a kan wani, wani lokaci ma yana kashe kaset ɗin. Saboda haka kar ka bi babban rubutun R4, ka karanta ɗan adireshin intanet da ke ƙasan takardar, shi ke faɗa maka danginsa. In babu, saka memori marar komai ka kunna. Wanda ya nuna MENU da alamar tambaya dangin DSTT ne. Wanda ya ce ya kasa buɗe _dsmenu.dat dangin Ace3DS ne.

Mai gabatarwa: Sai batun masu shekara a jiki.

Injiniya: Yawwa. Irin masu rubutun Gold Pro da shekara a kusurwa, an dasa wa kanel ɗinsu ranar daina aiki. Ranar na cika sai ya ce kwanan wata ba daidai ba, ya ƙi shiga. Kaset ɗin lafiyarsa ƙalau. Mayar da kwanan watan na'ura baya, in ya tashi ka tabbatar. Amma zama a haka yana ɓata gem masu bin lokaci, gara ka sauya kanel zuwa YSMenu wanda ya dace da shi. In sabo za ka saya, nemi Ace3DS+ ko Ace3DS X, suna aiki da kanel ɗin Wood, ba su da wannan tarko. Ga wani abu da ke rikita mutane: ka sauya kanel sai ajiya ta ɓace. Tana nan. Wani kanel sunan gem da .sav yake nema, wani kuma .nds.sav. Gyara sunan fayil a kwamfuta, shi ke nan. A 3DS kuwa, wannan kaset gem ɗin DS kaɗai zai buɗe maka, ba na 3DS ba.

Mai gabatarwa: Memori wane iri?

Injiniya: Gigabayit 16 ko 32 ya isa har ya yi yawa. Yi masa fomatin FAT32, girman kulasta kilobayit 32. Daga 64 zuwa sama da exFAT suke zuwa, kuma kaset da yawa ba sa gane shi. Fayilolin kanel a farfajiyar memori ake zuba su, ba cikin wata folda ba. Gem kuma ka rarraba su folda-folda, don jeri ya riƙa buɗewa da sauri. Sannan ka gwada memorin da manhajar kwamfuta ta H2testw kafin komai. Na jabu yana nuna 64 alhali cikinsa bai kai haka ba, kana wuce iyakarsa sai ya fara cinye fayilolin baya. Kuma duk mako ka kwafi foldar ajiya zuwa kwamfuta ko jawwal, wato waya.

Mai gabatarwa: Su gem ɗin kansu fa, Yaya?

Injiniya: Hanya mai tsabta ita ce ka kwafe kaset ɗinka na asali na Game Boy ko Advance da na'ura irin GBxCart RW ko GB Operator, suna fitar da gem har da ajiyarsa. Ga kuma sababbin gem da mutane ke ƙirƙira da GB Studio, da yawa kyauta suke rabawa.

Mai gabatarwa: Nuna musu wannan da ya ƙi tashi.

Injiniya: Kalli sikirin. Tambarin Nintendo ya fito a farfashe, ɗigo-ɗigo. Na'ura daga cikin kaset take karanto tambarin, in bai zo daidai ba sai ta tsaya cak. Wato haƙoran ba sa haɗuwa. Duba nan, ka ga kore-kore a kan zinaren? Danshin tekun Jidda ke yin wannan, da kuma hura baki da ake yi. Ɗauki tsinken goge kunne, jiƙa shi da sifirit na isofurofil mai kashi 90 ko sama, goga har auduga ta daina baƙi, bar shi minti 2 ya bushe. Ga shi, tambari ya fito sumul. Kuma kar a bar na'ura a mota da rana, batir ɗin SP da DS kumbura yake yi har ya ɗaga murfi.

Mai gabatarwa: Wani ya tambaya ko na'urar Amurka za ta yi da kaset ɗin nan.

Injiniya: Za ta yi, Game Boy, Advance da DS ba su da kullen yanki. Cajarta ce abin tsoro. Ta Amurka wutar 120 aka yi wa, yawancin soket ɗinmu kuwa 220 zuwa 230 ne, kana sokawa ta ƙone. Sayi igiyar USB, amma ka lura da bakin: SP da DS na farko baki ɗaya, DS Lite nasa daban, DSi da 3DS kuma nasu ɗaya.

Mai gabatarwa: Madalla, Yaya, Allah ya saka da alheri. Darasi na gaba za mu buɗe Junior ɗin nan mu canja masa batir a gaban kyamara, sai ku tanadi CR1220 da ƙaramar sukudireba.