Taswirar da ta tsaya a bakin katanga: lacca kan gurɓatar iska a iyakar Amurka da Meziko

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu uku zan taɓo in sha Allah, in mai agogo ya bar ni.

Na farko, menene CalEnviroScreen ɗin nan. Jihar Kalifoniya ta Amurka ce ta fito da shi a 2013, taswira ce a kwamfuta, a wadda suka fitar a 2021 sun yanka jihar gunduwa-gunduwa wajen yanki 8,000, kowanne da makinsa. Gefe ɗaya ana duba dattin wurin, hayaƙin dizal, maganin feshi na gona, ruwan sha, cunkoson motoci. Ɗaya gefen ana duba mutanen, talauci, asma, rashin aikin yi, jariran da ake haifa ba su kai nauyi ba, har gidajen da ba sa jin Turanci sosai. Sai a ninka wannan da wancan. Ninkawa fa na ce, ba tarawa ba, saboda hayaƙi ɗaya in ya shiga gidan mai hali da gidan talaka ba ɓarna ɗaya yake yi ba. Kuma makin nan kuɗi ne, dokar SB 535 ta 2012 ta ce kashi 25 na kuɗin da jihar ke samu daga sayar wa kamfanoni izinin fitar da hayaƙi sai ya amfani unguwannin da aka danne, da taswirar kuma ake gane su.

Na biyu, ga inda nake so ku tsaya da ni. Akwai wata unguwa San Ysidro, ƙarshen birnin San Diego ta kudu a Kalifoniya, katanga ce kawai tsakaninta da birnin Tijuwana na Meziko. Mota wajen 70,000 ke tsallakowa ta nan kullum. Kullum! To layin motocin nan a ina yake? A ɓangaren Meziko. Awa ɗaya, awa biyu, inji a kunne, ana ɗan gusawa ana tsayawa. Amma da aka fara haɗa taswirar, alƙaluman gwamnatin Amurka aka ɗauka, su kuwa a bakin katanga suke ƙarewa. Masana'antun Tijuwana babu su a lissafi, titunanta babu su. Ita iska wa ya taɓa tambayarta fasfo? Yaro yana tari a gida, taswira ta ce unguwarsu da sauƙi, kuɗi ya wuce wani wuri. Ba wanda ya yi ƙarya fa, ku lura, ba wanda ya yi ƙarya, abin da ba a auna ba ne kawai aka ɗauke shi kamar babu shi, kuma ni a ganina wannan ya fi ƙaryar wuyar kamawa. Mutanen wurin ba su zauna ba, ƙungiyarsu Casa Familiar ta haɗa kai da jami'o'i suka kakkafa ƙananan na'urorin auna iska a unguwar. A 2015 majalisar jihar ta yi doka, AB 1059, cewa dole a shigar da bayanan kan iyaka.

Na uku, kogin da suke ce wa New River, daga Meksikali ta Meziko yake tasowa da ruwan ƙazanta, ya ratsa Kaleksiko ta Kalifoniya ya zube a tafkin Salton, tafkin kuma yana ƙafewa, ƙurarsa na tashi, asmar yara a gundumar Imperial da ke yankin tana cikin mafi muni a jihar. Wannan sai wani zaman, an ɗago min takarda.

Eh malam, na ga hannunka.

Ga waɗanda ba su ji ba, yana tambaya ko za a iya irin wannan a Jibiya ko Illela, inda tireloli ke jeruwa. Tambaya mai kyau wallahi. Na'urar ba ita ce matsalar ba, ƙananan nan ba su da tsadar a zo a gani. Rabin makin ai bayanan mutane ne, mu kuwa a Najeriya rabonmu da ƙidaya tun 2006. Don haka ni da asibiti zan fara, rajistar yaran da aka kawo da ciwon ƙirji, daga wace unguwa, a wane wata. Sannan a nemi ta Maraɗi da Ƙonni a haɗa, in ba haka ba tamu taswirar ma a shingen kwastan za ta tsaya. Hajiya, ke ce ta gaba, a miƙa mata lasifikar.